Saurari Labarin Mashayi Kafin Ka La'ance Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, Imamu Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar labarin wani sahabi, Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar. Mutum ne mai barkwanci, har yakan ba Manzon Allah (S.A.W.) dariya. An sha yi masa bulala saboda giya. Ran nan aka sake kawo shi, sai wani ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

To, lura. Bulala an yi ta, giya tana nan haram. Amma ga mumini wanda abin ya riƙe, ya bari, ya koma.

Irinsa na nan a unguwarku. Zauna da wanda kodin ko tiramol ya kama, ka bar shi ya yi magana. Sau da yawa ba don maye ya fara ba. Wani lebura ne, aka ce ƙwaya na ƙara ƙarfin aiki. Wani abokin hira ya miƙa masa kwalba, ya ji kunyar ƙi. Daga nan jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga zawo, barci ya ƙaurace. Shi ya sa yake rantsuwa da asuba, kafin magariba ya karya. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta cire ƙishirwa daga jikin da ya saba.

Ko Alƙur'ani mataki-mataki ya bi: Baƙara aya ta 219, Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90. Kada wani ya ce ya sami kafa, hukunci ya riga ya cika. Sai dai wanda ya daɗe cikin giya, yanke ta farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga har ta kai ga rai. Saboda haka idan ɗan'uwanka ya buɗe maka cikinsa, ka rufa masa asiri, ka raba shi da majalisar da ta koya masa, ka ja shi sahu, kuma ka raka shi wurin likita da ƙafarka.