Halal da Ma'auni: Man Miya a Ƙasar Gozaki

Duk man da ke shiga tukunya a ƙasar Gozaki halal ne. Man gyaɗa, da manjan da ake kawowa daga kudu, da man shanun Fulani, da man kaɗe, da man waken suya, da man angurya wanda ya samu gindin zama saboda audugar da aka san yankin da nomanta tun kafin zuwan Turawa, babu ɗayansu da shari'a ta hana. Abin tambaya shi ne ko halaccin abu ya ɗauke wa mai cinsa nauyin kula da yawansa da abin da ake haɗa shi da shi. Aya ta 168 a Suratul Baƙara ta ambaci halacci tare da kyawun abinci, aya ta 31 a Suratul A'araf kuma ta ba da izinin ci da sha, ta hana israfi. Ke nan hukuncin bai tsaya kan irin abincin ba, ya zarce zuwa ma'auninsa.

Mai ba iri ɗaya ba ne. Manja da man shanu da man kaɗe suna da kaso mai yawa na kitse mai daskarewa. Akwai kuma wasu iri biyu da jiki ba ya iya ƙera su, dole sai ta abinci, wato omega-6 da omega-3. A 1929 ne George Burr da matarsa Mildred suka nuna a Amurka cewa ɓerayen da aka hana wa mai gaba ɗaya suna lalacewa. Fiye da rabin man angurya omega-6 ne, na gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma duka biyun kusan babu omega-3 a cikinsu. Man waken suya yana da kimanin kashi 7 cikin 100. Inda omega-3 mai ƙarfi yake shi ne kifin teku mai maiƙo, irin su taitus da sadin, kuma tsakanin Gozaki da teku akwai nisa da tsada.

Daga omega-6 jiki ke haɗa wasu sinadaran da ke tayar da kumburi, daga omega-3 kuma yana haɗa masu kwantar da shi idan aikinsa ya ƙare. Hanyar sarrafa su ɗaya ce, don haka idan ɗaya ya yi rinjaye sai ya tare wa ɗan'uwansa. Shi kumburi a kansa rahama ne: manomin da fartanya ta sare shi a ƙafa, kumburin nan ne ke kashe ƙwayoyin cuta ya haɗe raunin. Wanda ke cutarwa shi ne ɗan ƙarami na ɓoye, mai ci kamar wutar ƙaiƙayi shekara da shekaru ba zafi ba zazzaɓi. Mafi yawa daga kitsen ciki yake tasowa. A 1993 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gano cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadarin kumburi da ke dakushe aikin insulin. Aikin insulin shi ne ya yi sallama a ƙofar tsoka don ta karɓi sukari daga jini. Idan kumburi ya daɗe, ko kitse ya taru a tsoka da hanta, sai insulin ya yi ta sallama ba a amsa sosai. Jiki ya ƙara yawansa, a yi shekaru a haka, har gaɓar da ke samar da shi ta gaji, ciwon suga ya bayyana.

A nan akwai buƙatar adalci, domin wasu sun ɗora wa omega-6 laifin da ya fi ƙarfinsa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su nuna cewa ƙara shi a abinci yana ɗaga alamun kumburi a jini ba, kuma sa shi a madadin kitse mai daskarewa yakan kyautata aikin insulin. Abin da ya fi tabbata shi ne illar ƙarancin omega-3, da cin abin da ya wuce buƙata, da zama ba motsi, da man da aka soya ƙosai ko awara da shi sau da yawa har ya yi baƙi. Ba wani mai guda ba ne mugu. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki gida uku, na abinci da na sha da na numfashi, shi ma kan gwargwado yake magana, bai ware wani abinci ya tsine masa ba.

Sai batun wanda nauyin ya hau kansa. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, kuma riƙo da sababi ba ya karo da imani da ƙaddara, kamar yadda manomi ke zuba taki alhali ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba. Sai dai taklifi gwargwadon iko yake. Matar da ke aikawa a sayo mata mai a ƙullin leda ba ta san sau nawa aka ɗora shi a wuta ba, ba ta kuma da zaɓin da mai hali ke da shi a kasuwar Funtua ko Malumfashi. Dangana mata sakaci zalunci ne, haka ma ɗaukar ciwon suga a matsayin horo ga mai shi, tun da gado yana da babban kaso a cikinsa. Nauyin ya fi hawa kan mai sayar da man da ya san ya lalace, da maigidan da ke da halin sayen kifi ya zaɓi ƙarin soye-soye, da wanda aka sanar da shi ya kau da kai.

Abin da ƙasar ke bayarwa ma ba kaɗan ba ne. Waken suyar da ake nomawa a gonakin yankin yana ɗauke da omega-3 na tsiro, ko da yake kaɗan ne daga cikinsa jiki ke iya mayarwa irin na kifi. Ganyen miya kamar zogale da alayyafo suna ƙara ɗan abin da ya samu, kuma nonon saniyar da ta yi kiwon ɗanyar ciyawa da damina ya fi na wadda aka tsare a kan dusa yawan omega-3.