Hukuncin Kafa Tallafin Karatu da Sunan Mamaci

Tambaya: Wasu magada a ƙasar Rano suna son ware wani abu daga dukiyar mahaifinsu domin biya wa ɗaliban Rano da Kibiya da suka kammala sakandare kuɗin jarrabawar JAMB da na rajistar jami'a, da sharaɗin ɗalibi ya yi fice wajen yi wa jama'a hidima, kuma a sa wa tallafin sunan marigayin. Shin hakan ya halatta, ladan zai isa gare shi, kuma ana iya zuba zakka a ciki?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa sadakar dukiya tana isa ga mamaci, kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Sa'adu ɗan Ubada, Allah Ya yarda da shi, ya yi sadaka da lambunsa a madadin mahaifiyarsa bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar masa za ta amfana. Sanya sunan marigayin ba laifi ba ne matuƙar ana neman a yi masa addu'a ne, ba alfahari ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tushen kuɗin. Da zarar mutum ya cika, abin da ya rage bayan jana'iza da bashi da wasiyya ya zama na magada, don haka idan bai bar wasiyya ba, wadda ita ma ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, sai da yardar magada, to babu mai ikon ɗebar komai kafin rabo. Baligi mai hankali yana iya bayarwa daga rabonsa, amma rabon maraya ba a taɓa shi, kuma shirun da 'ya'ya mata ko matan marigayi suke yi don kunyar babban wa ba yarda ba ce.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne a mayar da abin hubusi, wato a tsare asalin dukiya a riƙa ciyar da amfaninta, kamar a ware gona ko shago a kasuwar Rano ana biyan tallafin da kuɗin hayarsa. A mazhabar Malikiyya dole dukiyar ta fita daga hannun mai bayarwa zuwa hannun mai kula da ita kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karayar arziki su riske shi, in ba haka ba hubusin ya ɓaci. Ya dace a rubuta da shaidu, a nemi shawarar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, kuma kada a ajiye kuɗin inda ake ba da kuɗin ruwa.

Sharaɗin hidimar jama'a halal ne, kuma wajibi ne a bi shi, domin kyauta ce ga wanda ya kyautata, kamar yaron da ya shiga gayyar yashe magudanar ruwa kafin damina ko yarinyar da take koya wa ƙannen unguwa karatu a zaure. Tsoron riya bai haramta kyautar ba, tunda niyya tana tsakanin bawa da Ubangijinsa, sai dai a dogara da shaidar liman da mai unguwa da shugaban makaranta maimakon hotunan Facebook, don kada mai aiki a ɓoye ya tashi a tutar babu. Ba a karɓar kuɗin shiga daga ɗalibai a haɗa a ba wanda ya yi nasara, domin wannan caca ce.

Amma zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma hidimar jama'a ba ta cikinsu. Ɗalibi matalauci ana iya ba shi saboda talaucinsa, daga asusu na dabam, amma ɗan mai hali ba ya cin zakka komai ƙwazonsa. Allah ne Mafi sani.