Ribar Da Ke Tsakanin Kaka Da Marka: Halaliyar Wane Ne?

Akwai wata mas'ala da ba ta rabuwa da zaurukan malamai a ƙasar Hausa, musamman idan damina ta yi tsakiya, rumbuna suka yi ƙasa. Ga surarta. Wani mai hali ne ya shiga kasuwar ƙauye a watan Nuwamba, lokacin da gero da dawa da masara suka cika ko'ina, ya saya da araha, ya kai sito ya kulle. Bai yi ƙarya ba, bai tauye mudu ba, bai ƙwaci na kowa ba. Da watan Yuli ya kama sai ya buɗe sito ya sayar da tsada, sau da yawa ma ga mutumin nan da ya sayar masa da kaka. To, abin da ya samu a tsakani halaliyarsa ne, ko kuwa gumin wani ya ci?

Hausa da kanta ta ƙara wa mas'alar nauyi, gama a rubuce kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'ana biyu. Akwai riba ta ciniki wadda Allah Ya halatta, akwai kuma riba ta kuɗin ruwa wadda Ya haramta. Asalinsu a Larabci kalmomi biyu ne dabam dabam, harshe ne ya haɗa su a baƙi ɗaya.

Malaman Usulu sun kafa ƙa'ida, cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Saboda haka kafin a tambayi hukuncin mai saye, ya kamata a tambayi abin da ya sa mai sayarwa ya sayar. Manomi ya fi kowa sanin cewa hatsi zai yi tsada da damina. Shekara da shekaru yana gani. Me ya sa yake rabuwa da shi a ranar da ya fi araha? Amsar da aka saba ji a bakin masu hali ita ce wai talaka ba shi da tattali, da ya ga dami sai aure da biki. Masana na jami'o'i sun daɗe suna bin wannan al'amari da awo da lissafi, abin da suka gano kuwa bai goyi bayan wannan zargi ba.

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, tana nazarin tattalin arzikin manoma, littafinta kuma ya fito a 1972. Ta nuna cewa talaucin ƙauye yana da zagaye kamar na shekara. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin sabon hatsi ya nuna, dole ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo abin da za a ɗora a tukunya ranar nan. A wajajen wannan lokaci ne David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka ƙidaya awowin aiki a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, suka ga cewa aiki ya fi matsewa a watannin Yuni da Yuli, watau lokacin noma da maimai. Idan aka haɗa binciken nan biyu sai al'amarin ya fito fili. Ranakun da gonar talaka ta fi bukatarsa su ne ranakun da yunwa take kora shi gonar mai kuɗi. Ciyawa ta cinye tasa, amfaninsa ya ragu, ya ci bashi, da kaka mai bashi ya tsaya a kansa, ya sayar da araha ya biya, baɗi kuma rumbu ya ƙare da wuri fiye da na bana.

Ba a aljihu kaɗai lokacin yake barin tabo ba. A Keneba ta ƙasar Gambiya, inda likitocin Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila suke rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950, an ga cewa jariran da aka haifa da damina sun fi na rani ƙarancin nauyi, domin uwayensu suna aikin gona mai tsanani a kan abinci kaɗan, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Da aka gwada bai wa masu juna biyu wani biskit na gyaɗa kowace rana, sai nauyin jariran lokacin yunwa ya ƙaru da kimanin giram 200. A 1997 kuma masanan wurin suka buga wani sakamako mai tayar da hankali, cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi sauran saurin mutuwa bayan sun balaga. Gaskiya ne da aka maimaita irin wannan bincike a Senegal da Bangladesh ba a sami haka ba, don haka ba a mai da shi ƙa'ida. Amma batun nauyin jarirai ya tabbata. Watan da farashin tiya ya kai ƙololuwa, shi ne watan da sauro ya fi yawa, shi ne kuma watan da kuɗin magani suka fi wuyar samu.

Sai a koma ga mai saye. A nan ne mas'alar ta fi yadda ake zato wuya, domin ajiya a kan kanta ba laifi ba ce. Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ajiya ya ceci Masar da maƙwabtanta, ya tara a shekarun yalwa ya fitar a shekarun fari. Da a ce babu mai saye da kaka, da farashi ya faɗi ƙasa warwas, manomi ya rasa ko kuɗin takinsa. Da babu mai fitarwa da damina kuwa, da kasuwa ta wayi gari babu ƙwaya. Mai ajiya kuma yana da wahalarsa: kuɗin haya, da gyambon ƙwari, da ɓera, da kuɗinsa da suka kwanta wata takwas. Kasada ma tana nan. Wani nazari da aka buga a 2023 a kan kasuwannin masara na ƙasashen Afirka ya nuna cewa kusan sau ɗaya cikin shida farashin lokacin yunwa ba ya haura na kaka. 'Yan kasuwar hatsi na Arewacin Nijeriya da suka cika sito a ƙarshen 2024 sun ɗanɗana wannan a 2025, sa'ad da farashi ya karye a hannunsu.

Wannan ne ya sa malaman Malikiyya ba su yi wa duk mai ajiya kuɗin goro ba. Hadisi ya tabbata a kan zargin mai ɓoye abinci, amma sun rataya hanin ga cutarwa. Manomin da ya ajiye abin da ya noma ba ya cikin waɗanda ake nufi. Wanda ya saya a lokacin yalwa, sayen da bai ƙuntata wa kasuwa ba, ba a hana shi ba. Wanda aka hana shi ne mai kwashe abinci lokacin da jama'a suke bukatarsa, ya riƙe yana jiran bukatar ta ƙara tsanani. Idan kuwa yunwa ta kai ga halaka, shugaba yana da ikon tilasta wa mai sito ya fitar ya sayar.

To, ashe an wanke mutumin da aka fara magana a kansa ke nan? Ta fuskar alƙali, sau da yawa haka ne. Amma alƙali zahiri yake dubawa. Akwai tambaya ta biyu wadda ba a kai ta gaban shari'a, ita ce daga ina ribar ta fito. Wani gwaji da aka yi a yammacin Kenya ya ba da haske a nan. Masana uku, Burke da Bergquist da Miguel, sun sa aka bai wa wasu manoman masara na yankin Bungoma rance daidai lokacin girbi, domin su biya bukatunsu, kamar kuɗin makarantar yara, ba tare da sun taɓa buhunansu ba. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa manoman sun ajiye masararsu, suka sayar daga baya, suka ci ribar kimanin kashi 29 cikin 100 a kan abin da suka ranta. A wuraren da masu rancen suka yi yawa kuma, farashin kaka ya ɗan ɗaga, tazarar da ke tsakanin kaka da lokacin yunwa ta ragu, har waɗanda ba su karɓi ko sisi ba suka amfana. A gundumar Chipata ta Zambiya an yi makamancinsa, aka ba da rancen kuɗi ko masara a tsakiyar lokacin yunwa. Mutane suka rage zuwa ƙwadago, suka tsaya a gonakinsu, amfani ya ƙaru, ladan ƙwadagon ma ya tashi saboda masu nemansa sun ragu. Rancen gwaje-gwajen nan yana da kuɗin ruwa, Musulmi kuwa ba zai ɗauki wannan ɓangaren ba. Abin ɗauka shi ne hujjar da suka kafa.

Hujjar ita ce, manomi ya iya ajiya sarai, ikon jira ne ba shi da shi. Saboda haka ribar mai sito kashi biyu ce a gauraye. Kashi ɗaya ladan wahalarsa ne da kasadarsa, wannan babu shubuha a cikinsa. Ɗaya kashin kuwa ba daga ƙwazonsa ya fito ba, ya fito ne daga matsuwar ɗan'uwansa wanda aka tsare da biyan bashi a makon girbi. Mafi munin surar ita ce inda mai bashin da mai sayen mutum ɗaya ne: ya ba da buhu da damina a kan a biya shi buhu biyu da kaka, ko ya ba da 'yan kuɗi a kan dami da farashin wulaƙanci. Na farko riba ce ta haram tsantsa, abinci da abinci jinsi ɗaya, da ƙari da jinkiri. Na biyu yana fakewa da cinikin salam, watau biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar mutanen Madina suna yi a kan dabino, ya bar su a kansa bisa sharaɗin a san awo da ajali. An halatta salam ne domin sauƙaƙa wa manomi. Wanda ya cika sharuɗɗansa a baki, alhali ya zaɓi ranar da yaron mutum yake kwance da zazzaɓi ya yanka masa farashi, ya riƙe ɓawon hukuncin ya zubar da ƙwayarsa.

Kada kuma a ɗauka duk bashin ƙauye haka yake. A 1988 zuwa 1989 wani masani ɗan Amurka, Christopher Udry, ya bi basussukan gidaje a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar yawancinsu tsakanin dangi da maƙwabta ne, babu takarda, babu ƙayyadadden kuɗin ruwa. Idan ambaliya ko ciwo ya sami wanda ya ci bashin, sai ya biya kaɗan ko a jinkirta masa. Idan mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai a biya shi da wuri har da ƙari. Masana tattalin arziki suka karɓi wannan a matsayin babban bincike, alhali kuwa umarnin saurara wa matsattse har ya sami yalwa yana nan cikin Suratul Baƙara, malamai kuma tun tuni suka bambanta ƙarin da aka sharɗanta da kyautatawar da mai biya ya yi don kansa.

Wahalar damina dai ba irin girgizar ƙasa ba ce, an san watan zuwanta. Ma'aikatan lafiya sun riga sun yi aiki da wannan sani. Tun daga 2012, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ake bin gida gida a ƙasashen Sahel ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, ba a jira sai sun kwanta. Ta wajen hatsi kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Jamhuriyar Nijar suke bin wata hanya ta jingina. Da kaka kowa ya kawo buhunansa sito ɗaya, a rubuta sunansa a jiki, a ba shi rancen wani kaso na darajarsu ya kashe bukatarsa ko ya yi sana'ar rani. Bayan wasu watanni ya biya, ya karɓi hatsinsa a lokacin da ya yi daraja. Jingina halal ce a shari'a, kuɗin ruwan da masu ba da rancen suke ɗorawa shi ne cikas, wanda kuwa dukiyar waƙafi ko rancen alheri daga masu halin gari za su iya kawar da shi, a bar wa manomi kuɗin haya da na mai gadi kawai. Ƙofar irin wannan sito kwaɗo biyu ake sa mata, mabuɗi ɗaya a hannun manoma, ɗaya a hannun mai rance, ba wanda zai iya buɗewa sai ɗayan yana tsaye a wurin.