Idan Dukiya Ta Zube Dare Ɗaya, Me Ya Kamata Gida Ya Fara Ragewa?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai bayarwa da karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka: a watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin Najeriya, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan na canji. A Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, inda gidaje da yawa ke dogaro da fatauci da cin rani a Najeriya, nairar da aka ɓoye a ɗaka ta koma takarda. Damina kuma ta ƙi, har yunwar shekarar ta samu suna "El-Buhari". A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi.

Gidan da irin wannan ta faɗa wa dole ya tsuke. Tambayar ita ce: ta ina zai fara? Sau da yawa nama ne ke fara ɓacewa daga miya, fura ta tsinke, a sayar da akuyar uwargida, a janye ƙwaryar da ake miƙa wa almajiri. Amma hidimar biki da sabuwar shadda ta Sallah suna nan daram, don gudun bakin mutane. Ke nan an rage haƙƙin da ba a gani, an bar adon da ake gani.

A nan ne malaman tarbiyya ke cewa asara madubi ce. Abin da mutum ya ƙi saki a ranar ƙunci, shi ne ya mallaki zuciyarsa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa wanda aka ƙuntata wa arziki ciyarwa gwargwadon abin da ke hannunsa, ba ta ɗora masa cin bashi don kare suna ba. Saboda haka jerin ya kamata ya juya: alfahari ya fara fita, jin daɗi ya biyo baya, a kare cin iyali da irin shuka. Sadaka a ƙanƙanta ta, kada a yanke. Dunƙulen fura ɗaya ya isa ya riƙe zumunci.

Ƙana'a ba zaman jira ba ce. Mutanen Keita da suka jera duwatsu a kan fako suka dasa itatuwa bayan 1984 sun haɗa tawakkali da aiki.

Allah Ya azurta bayinSa da wadatar zuci, amin.