Hawan Sallah Amana Ce, Mu Riƙe Ta da Mutunci

Jama'ar Ɗambatta, ku yi haƙuri da tsoho, akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma ban cire kaina daga laifin ba.

Mun tashi mun ga yadda ake shirin hawa a ƙasar nan. Tun azumi bai raba ba ake ƙara wa doki dawa da harawa da kanwa, baduku ya duƙufa gyaran sirdi, maƙeri ya gyara linzami da likkafa. Ranar tafiya, Sarkin Bai, Hakimin Ɗambatta kuma ɗaya daga masu zaɓen Sarkin Kano, ya kama hanyar birni da jama'arsa. A Hawan Daushe kowane hakimi da gurbinsa, kowane barde ya san bayan wanda zai bi. Mahayi ya sako doki da gudu a Ƙofar Kudu, ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Darasin yana cikin wannan tsayawar: mai ƙarfi ne ya san inda zai dakata.

Wannan tsari ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa, muka yi ta murna. To amma me muka yi wa abin a gida?

Mun bar yaranmu suna hayar doki ranar biki, suna sukuwa a lungun da ƙananan yara ke wasa. Mun ga matashi ya sha abin da ya sha, ya bi ayari da gora ko wuƙa, mun kau da kai domin ɗan maƙwabci ne. Tsohuwar da a da take riƙo hannun jikokinta su fito kallo, yau sai ta kulle ƙofa. Yaro ya iya ɗaukar hoton doki a waya, amma bai san bambancin 'yan lifidi da 'yan sulke ba, don ba mu zaunar da shi mun faɗa masa ba.

Mun ɗanɗana Sallah babu hawa a 2020 lokacin korona, mun sake ɗanɗanawa a 2025 da aka hana saboda fargabar tsaro. Mun ga yadda gari ya yi tsit, masu kakaki da algaita suka zauna a gida, baduku ya rasa ciniki. Al'adar da aka jingine shekara da shekara, wata rana za a nemi masu iya ta a rasa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ya san inda ɗansa yake ranar Sallah. Mai doki kada ya ba da haya ga wanda bai iya riƙe linzami ba. Masu unguwanni da dagatai su tsawata, mu kuma mu mara musu baya ko da ɗanmu aka kama. Iyayenmu sun miƙo mana hawa da mutuncinsa, mu ma mu miƙa shi haka. Allah Ya shirya mana zuri'a.