Abin da ya fashe, a yar ko a gyara?

Mai karatu, in akushinka ya tsage, me za ka yi da shi? Kafin ka amsa, ji yadda mutanen ƙasar Japan suke yi.

A can akwai wani icce mai suna urushi. Sai ya shekara 10 ko fiye kafin a tsaga ɓawonsa a tari ƙaronsa. Icce guda yakan ba da kamar giram 200. Ɗanyen ƙaron yana sa ƙaiƙayi a jiki. Da shi suke shafe akushinsu. A shafa, a jira ya ƙafe, a goge, a sake shafawa. A garin Wajima, akushi guda yakan bi matakin aiki fiye da 100, ya ci watanni. A 1991 aka buɗe gidan nunin irin waɗannan kaya a garin.

In tangaran ya fashe, sukan liƙe shi da ƙaron nan, su barbaɗa garin zinariya bisa tabon, kowa ya gani. Sunan wannan aiki kintsugi.

Suna kuma da tatsuniya. Wai kayan gida in ya shekara 100 yakan sami rai. Wanda aka wulaƙanta aka yar, sai ya fito da dare don ya rama. Kwano ba shi da rai, mun sani. Amma tatsuniyar tana tuna muna cewa cikin kowane kaya akwai gumin wanda ya yi shi.

Wataƙila ka ce: "Roba ta fi araha, kuma ni ba ni da zinariya." Da gaskiyarka. Akwai ma abin da ya fi ƙarfin gyara. To, amma ka tuna da gyartai. Da basilla da zare yake ɗinke ƙwarya, ta ƙara shekaru tana aiki.

Abin tsoro shi ne sabo. Wanda ya saba yar da abu da zarar ya tsage, wata rana haka zai yi wa mutane. Aure yakan tsage. Zumunci yakan tsage. Tsoho ma ƙarfinsa yakan ƙare. Su kuwa ba a sayen sabonsu a kasuwa.

Mai karatu, duba gidanka. Wa kuka ɓata da shi? Ka gwada ɗinki tukuna. Tabo zai saura, amma ƙwaryar za ta riƙe hura.