Wace Irin Takarda Za Mu Aika Tozai?

Hunturu ya shigo. Hazo ya rufe gari, leɓuna da duga-dugai sun soma fashewa. In mutum ya gamu da ɗan'uwansa da safe sai ya ce, "Ina sanyi?" shi kuwa ya amsa, "Sanyi lokacinsa ne." Wannan gaisuwa ba ta bukatar takarda, amma ta wanda ya ke kusa ce. Wanda ya ke nesa sai an aika masa.

Ran nan 'yan matan ajin Lahadi na ikilisiyarmu suka sayo kwali iri iri a kasuwa, za su yi katin gaisuwar Kirsimati da hannunsu. Cikin waɗanda za su aika wa akwai wata tsohuwa mutuniyar Tozai, a ƙasar Isa, wadda ta goyi biyu daga cikinsu tun suna jarirai. Gardama ta tashi a kan wane launi za a zaɓa mata, da kuma ko takarda mai santsi ko mai kaushi. Suka kawo maganar gabanmu. Da fari mun so mu sallame su, gama mun ɗauke shi wasan yara. Da muka kwana da zancen muka ga akwai abin dubawa a ciki.

Wani dattijon ikilisiya da ya ji labarin ya ce da mu, "Malam, mutanen Gobir suna gudun 'yan bindiga, ku kuwa kuna zaɓen launi?" Ba mu raina maganarsa ba, domin gaskiya ce mai nauyi. Ƙauyuka da yawa na Isa da Sabon Birni sun watse cikin shekarun nan, waɗansu mutanen sun ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi. A watan Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni. Wanda ya ke da kuɗin sayen kwali mai tsada, in ya saya wa tsohuwar tiyar gero ya fi kyauta mata. A nan mun yarda da dattijon sarai, mun kuwa faɗa wa yaran kada su kashe ko sisi fiye da abin da suka riga suka kashe.

Amma ba mu yarda cewa takardar ba ta da amfani ba. A watan Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Mutane suka yi makonni ba su jin muryar danginsu, sai abin da matafiyi ya kawo a baki ko a rubuce. Daga baya an buɗe layukan, amma waɗanda suka ga wannan lokaci sun san darajar 'yar takarda wadda za a riƙe a hannu, a ba jika ya karanta, gobe a sake ba shi. Wanda ya ke cikin wahala yana bukatar abinci, yana kuma bukatar ya sani ba a manta da shi ba.

Tun da shi ke za a aika, sai mu tambayi kanmu, don wa a ke zaɓen takardar? Yawancin yaran sun so ja mai sheƙi, domin shi ne ya fi ɗaukar ido a kan tebur. Muka ce su rubuta a kansa da biro mu gani. Tawadar ta ƙi kamawa, yatsa ya taɓa ta sai ta shafe, baƙin rubutu kuma ya ɓuya cikin jan. Ku tuna fa, da dare za a karanta mata, a hasken tocila ko 'yar fitila. Farar takarda tas kuwa, ko da shi ke fari yana da kyakkyawan suna a bakinmu, farin ciki da farin jini, ba ta jimre wa hunturu. Kafin ta kai Isa cikin aljihun direba ta sha ƙura da shaidar yatsu. Mai ruwan ƙwai ko ruwan ƙasa mai haske tana ɓoye ƙura, baƙar tawada kuma tana fitowa sosai a kanta. Ga kuma zancen kauri. Takardar ofis mai giram 80 tana yamutsewa, kwali mai giram 200 yana tsayawa, in kuwa yana da ɗan kaushi sai ya sha tawada ya riƙe. Tsohuwar ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni. Abin da za ta sani na katin da kanta shi ne abin da yatsunta suka ji.

Akwai kuma ɗan aike, wanda yara ba su tuna da shi ba. Ambulan mai ƙyalƙyali yana kama da abin da a ke sa kuɗi a ciki. A irin wannan hanya bai kamata mu ɗora wa mutum kayan da za su jawo masa ido ba don kawai a ce katinmu ya yi kyau.

Kakanninmu ba baƙin takarda ba ne. A ƙarni na 19 malaman ƙasar Hausa suna rubutu a kan takardar da fatake su ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Da yawanta a Italiya aka yi ta, a gidan Galvani na Pordenone, in an ɗaga ta a rana sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Launinta ba fari fat ba ne, ba ta kuma da sheƙi, amma ga littattafan nan har yau a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, rubutunsu yana karantuwa. Sun zaɓe ta domin mai karatu na gaba. Katin Kirsimati shi ne baƙon. Wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga na farko a Landan a 1843, guda 1,000, ana sayar da kowane ɗaya sule guda. Daga can ne hoton ƙanƙara da itatuwan sanyi suka biyo kati har suka iso kantunanmu. Ba laifi ba ne, amma tsohuwar Tozai ba ta taɓa ganin ƙanƙara ta rufe gona ba. Yarinya ɗaya ta zana rumbu da mutane suna jin wuta, muka ga ya fi dacewa.

Abin da ya fi sosa mana rai shi ne wanda muka tarar daga baya. Ashe yaran sun ware kwalin da ya fi kyau domin Rabaran da manyan gari, ragowar gefe gefe kuwa domin gwauraye da tsofaffi. Muka buɗe baki za mu tsauta musu, sai kunya ta kama mu, gama a wurinmu suka koya. Shekara da shekaru mu kan sayi kati mai tsada mu aika wa waɗanda za su iya taimakon ginin majami'a, mai goge benci kuwa mu ce masa "Barka da Kirsimati" a bakin ƙofa. Babban mutum zai sami kati 30, ba zai san wanne ne namu ba. Tsohuwar guda ɗaya za ta samu, watakila ta sa shi cikin kwalla tare da zanenta na fita.

Muka gaya wa yaran wannan laifi namu a fili, sa'an nan muka bar su su shirya da kansu. Suka tara kwalin wuri ɗaya, suka yanka daidai wa daida, ba na babba ba na ƙarami. Na tsohuwar suka zaɓi mai ruwan ƙwai, mai ɗan kaushi, suka rubuta da manyan baƙaƙe domin jikanta bai wuce aji uku ba. Jan mai sheƙi bai tafi banza ba, da shi suka yanka taurari na adon majami'a. Dattijon nan da ya yi mana faɗa ya kawo tiya biyu na gero, ya ce a haɗa. Aka naɗe katin cikin takardar siminti, aka cusa shi a bakin buhun, aka ba direban da ya ke zuwa Isa.